Mun Hau Dutsen Riruwai, Ba Don Kuza Ba

Da na faɗa wa Inna cewa gobe Asabar zan tafi Riruwai hawan dutse, ko ɗago kai ba ta yi ba daga gyaɗar da take ɓarewa. "Wa ya aike ka?" Na ce ba kowa. "To me ka ajiye a can?" Na ce babu komai, so nake kawai in hau in ga yadda ƙasa take daga sama. Ta watsa 'ya'yan gyaɗa a faifai ta ce, "Allah ya shirya. Mutane na ta fama da kaka, kai kana neman inda za ka karye."

Ashe tambayar nan ta Inna ita za ta yini tana bi na, tun daga bakin tasha har ƙololuwar dutse. Mutum biyar suka yi mini ita a ranar, kowa da irin lafazinsa, kuma babu wanda amsata ta gamsar.

A Ƙofa aka haife ni, cikin ƙaramar hukumar Bebeji. Ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce, in ban da 'yan duwatsun da ke wajen Tiga da Rano. In ka ce wa Bakano dutse, Dala ce za ta faɗo masa a rai, sai Gwauron Dutse. Ni kaina na hau Dala ya fi sau uku, duk lokacin da baƙo ya zo mini sai in kai shi can in ba shi labarin Barbushe kamar a gabana aka yi. Amma tsaunukan da ke kudancin jiharmu, waɗanda Dala ba ta kai ƙugunsu ba, iyakata da su hange ta tagar mota in za ni Jos. Shekara 40 da 'yan kai ina wuce su. Hangen Dala kuwa, an ce, ba shiga birni ba ne.

Mu uku muka tashi bayan sallar asuba: ni, da ƙanena da ke karanta labarin ƙasa a jami'a, da wani abokina malamin firamare wanda ya auro daga Doguwa. Shi ne mabuɗin tafiyar, don motarsa muka shiga, surukansa ne kuma za su gabatar da mu ga mutanen gari.

Ƙarshen Oktoba ne. Ruwa ya ɗauke da kamar mako biyu, ƙasa ta fara shan iska amma ba ta bushe ba. Ƙanena ne ya zaɓi lokacin, kuma hujjarsa ta kama hankali. Da damina dutse santsi gare shi kamar an shafe shi da karkashi, rafuka sun cika ba sa ƙetaruwa. In aka bari hunturu ya sauko, hazo zai lulluɓe komai, ka sha wuyar hawa ka tarar ko garin da ka baro ba ka gani. Da bazara kuwa ba a magana, fa yakan ɗau zafin da zai gasa tafin ƙafa ta cikin takalmi. Abin da ya rage shi ne 'yan makonnin nan na tsakanin ɗaukewar ruwa da saukar hazo, lokacin da shamuwa ta yi sallama, gawo ya fara toho alhali sauran itatuwa na shirin zubar da nasu ganyen.

Daga Ƙofa zuwa Kwanar Ɗangora ba wata tafiya ba ce. A nan hanya ke sakin titin Kano zuwa Zariya ta miƙa kudu: Tudun Wada, Falgore, Doguwa, Saminaka, har Jos. Muka tsaya wajen mai shayi, muka sayi ƙosai da gurasa da ruwan leda. Yaran mota na ta kiran Dadin Kowa da Burji da Saminaka. Mai shayi ya dubi jakar goyon ƙanena da sandunan da muka saƙale, ya tambaya ko farauta za mu. Da muka ce hawan dutse, ya ci gaba da fifita shayinsa daga kofi zuwa kofi, ya ce, "To, Allah ya ba da abin da ake nema." Daga muryarsa ka san ya ɗauka akwai abin da muke ɓoyewa.

Tudun Wada kuwa kaka ta riga mu isa. Shinkafa shanshera shimfiɗe a kan tamfol ko'ina a gefen titi, yara na korar awaki, injinan casa sun fara ruri tun rana ba ta yi zafi ba. Ƙanshin shinkafar da ake turarawa ya cika motar. Ba mu tsaya ba.

Abin da na lura da shi shi ne, muna doso dajin Falgore hira ta mutu a motar ba tare da wani ya ce a yi shiru ba. Abokina ya rage muryar rediyo, ya gyara zama, na ga leɓensa na motsi. Wannan ɗabi'a ce da duk mai bin hanyar nan ya koya ba tare da malami ba. Wajen 2015 da 2016 sunan Falgore bai rabu da bakin masu karanta labarai ba, saboda ɓarayin shanu da masu garkuwa da mutane da suka mai da shi mafaka, har daga baya rundunar soja ta mai da wani sashensa filin atisaye. A lokacin da muka bi akwai shingayen jami'an tsaro, motoci na wucewa da rana lafiya lau, amma tsoron da ya riga ya shiga jiki ba ya fita da sanarwa.

Abin takaicin shi ne tsoron ya rufe mana ido daga abin da dajin yake. Turawan mulkin mallaka ne suka keɓe shi a shekarun 1940 da sunan gandun dajin Kogin Kano, a shekarun 1960 aka mai da shi gandun namun daji. Faɗinsa ya kusa murabba'in kilomita 1,000, ya taɓa ƙananan hukumomi uku: Tudun Wada da Doguwa da Sumaila. A ƙarshen 2020 gwamnatin tarayya ta sa shi cikin dazuzzuka 10 da ta amince a ɗaukaka su su koma hannunta a matsayin manyan gandun ƙasa. Duk wannan a takarda na san shi. Abin da idona ya gani a safiyar nan shi ne doka da maje da kirya sun haɗe kai, ganye shar, gamba ta fi tsayin mutum, raɓa na ƙyalli a kanta. A wata kwana muka tarar da garken gwaggon biri zaune a gefen kwalta kamar masu jiran mota, babbansu ko gezau bai yi ba da muka wuce. Na kuma ga buhunan gawayi jere a bakin hanya bayan mun fita dajin, kuma ban ga gonar da ake noman gawayi ba.

Fitarmu ke da wuya ƙasa ta canza. Ta yi ja, ta fara tudu da kwari, gonakin masara suka maye gurbin na gero. Nan ruwan sama ya fi na birnin Kano yawa da daɗewa, shi ya sa masara ta samu gida, ga rake a fadamu. Sai ga su can gabanmu, shuɗi-shuɗi kamar hadari ya taso ya fasa tashi. Ƙanena ya nuna da baki ya ce, "Yaya, ga su nan." Muka saki babban titi muka karkata hanyar Riruwai, wadda ita ce hedikwatar ƙaramar hukumar Doguwa. Wannan hanya ta koya wa motar abokina ladabi.

Surukin abokina bai bari mun sha ruwa mun huta ba sai da ya kai mu gaida mai unguwa. Ya ce a nan baƙo ba ya shiga daji sai an san da shi, kuma gaskiyarsa. Muka cire takalma a ƙofar zaure, muka durƙusa, na ajiye goro.

"Ranka ya daɗe, mu mutanen Ƙofa ne ta Bebeji. Mun zo ne mu hau dutse."

"Madalla, sannunku da hanya. Daga wane kamfani?"

"Ba kamfani, ranka ya daɗe."

"Gwamnati ce ta turo ku?"

"A'a, ranka ya daɗe. Ganin ido kawai."

Ya yi shiru yana juya goron a hannunsa. Daga baya na gane dalilin. Mutanen garin nan sun daɗe suna ganin baƙi da jakar goyo, suna tsintar duwatsu suna sawa a leda suna rubutu a jiki, kuma kowane ɗayansu cewa yake yi ganin ido ya zo. Bayan wata shida sai a ga mota ta dawo da takarda. Sai da surukin abokina ya sa baki ya ce mijin 'yarsa ne da abokansa, sannan fuskar mai unguwa ta saki. Ya aika aka kira wani dattijo siriri mai farin gemu, ya ce masa, "Ka kai su, ka dawo da su kafin la'asar ta yi sanyi."

Dattijon nan ya haura 60, da takalmin roba da 'yar adda a kafaɗa. Ya dubi ƙafata ya ga takalmin ofis mai santsin ƙasa, bai ce komai ba. Da ya yi magana ma da ya fi mini sauƙi.

Ƙarfe tara da rabi muka fara taka ƙasa. Farkon tafiyar cikin gonaki ne. An karya masara an tara ta tsibi-tsibi, mata da yara na ɓarewa, wasu na ɗaure buhuna a kan babur. Dawa ba ta isa yanka ba, ta sunkuyar da kai tana jira. Kowa muka wuce sai mun yi sannu da aiki, kowa kuma sai ya bi mu da kallo. Daga nan muka faɗa cikin gamba. Wanda bai taɓa ratsa gamba da safiyar kaka ba bai san jiƙewa ba tare da ruwan sama ba: kafin minti goma wandona ya yi sharkaf har cinya, ƙarangiya ta yi wa ƙafarsa ado. Dattijon na gaba yana buga ciyawa da bayan adda. Ya ce, ba tare da ya waiwayo ba, "'Ya'yana, ku taka inda na taka. Kaka ce, igiyar ƙasa na yawo. Kada wanda ya sa hannu a tsagar dutse." Bai kira sunan abin ba, mu ma ba mu kira ba.

Muka ƙetare wata ƙorama mai ruwa garai-garai, sanyinsa har cikin haƙori. Bayanta hawan gaske ya soma. Falalen dutse ne ya miƙe sama, ruwan toka da ɗigon ja-ja, a wasu wuraren ruwa na tsattsafowa yana bin jikinsa. A nan takalmina ya nuna halinsa. Taku uku sai in zame ɗaya. Ƙarshe na cire su na rataya a wuya, na hau da safa, sannan na cire safar ma. Ƙanena ya ɗauki hotona a haka, kuma na gargaɗe shi cewa ranar da hoton nan ya shiga WhatsApp ɗin gidanmu, ranar zai fara biyan kuɗin makarantarsa da kansa.

Numfashi ne ya fara ba ni kunya kafin ƙafa. Mutumin da ke zaune a kujera yini guda yakan ɗauka lafiyarsa ƙalau har ranar da tsauni ya yi masa tambaya. Zuciyata na dukan ƙirji kamar ana sussuka, shi kuwa dattijon yana tafe yana ba mu sunan itatuwa: wannan ararrabi ne, mai ɓawo kamar takarda, ba ya son komai sai kan dutse, wannan kukkuki, wancan taura, ga tsada ta ƙare, da kun zo da damina da kun sha. Jikin ararrabin duk sara ne, tsoho da sabo. Ba mu yi nisa ba muka tarar da mai saran, wata tsohuwa da ɗan gatari da buhu. Muka gaishe ta. Ta ce, "Ku ma maganin kuka zo ɗiba?" Da ta ji amsarmu ta riƙe haɓa ta ce, "Ikon Allah. Da ƙafarku, ba a kore ku ba?"

Sama da ita kaɗan wasu magidanta biyu na yankan gamba don zana da jinka. Sama da su kuma wani ɗan Fulani da shanunsa a wani ɗan fili da ban taɓa zaton saniya za ta iya kaiwa ba. Shi nasa zaton dabba ce ta ɓace mana. A nan na fara jin nauyin kaina. Duk wanda muka tarar a dutsen nan abinci ya kawo shi. Mu kaɗai ne muka zo da abincinmu a jaka.

Wajen sha ɗaya da rabi muka zagayo wani kwari, sai ga ƙasa a farfashe: ramuka, tarin jar ƙasa da tsakuwa, kududdufai masu ruwa kore. Samari uku a cikin rami suna haƙa da diga da shebur. A bakin ruwa mata na wankin yashi a kwano, suna juya shi a hankali suna zubar da na sama, har sai wani baƙin yashi mai nauyi ya kwanta a gindi. Wannan ita ce kuza. Ɗaya daga cikinsu, da goyo a bayanta, ta ɗebo mini kaɗan a tafin hannu. Ɗan abin da bai cika cokali ba, amma nauyinsa ya ba ni mamaki. A kilo dillalai ke saye, in ji su, kuma mai saye ne ke yanka farashi. Babu hular kwano, babu abin da ya tokare bakin ramin in ban da addu'a.

Dattijon ya zauna a kan wani dutse, mu ma muka samu dalilin zama. A nan bakinsa ya buɗe.

Riruwai da kuza tare suka tashi. Tun kafin Bature ya san hanyar Kano, mutanen nan suna wanke ta a rafi, su narka ta a murhun yumɓu da gawayi da zugazugi, su zuba ruwanta a ramukan da suka yi da karan ciyawa cikin laka, ta fito siri-siri kamar tsinke. A haka fatake ke ɗaukar ta zuwa kasuwanni, maƙeran fari su saya. Liruwen Kano ake rubuta sunan garin a tsofaffin takardun Turawa, don a bambanta shi da Liruwen Dalma ta ƙasar Bauchi, wadda ita ma garin masu narkar kuza ce. Irin waɗannan tsinkayen ne 'yan kasuwar Ingila suka gani a hannun fatake, suka bi sawunsu a farkon shekarun 1900 har suka dira a tsaunukan Jos. Da kamfanoni suka karɓi takardun mallakar filayen, narkar gargajiya ta mutu, masu murhu suka koma lebura a ƙasar kakanninsu. Abin ya tuna mini da Dala: ita ma tama ce ta fara tara mutane a gindinta. Bambancin shi ne Dala ta haifi birni, Riruwai kuwa ta haifi ramuka.

"Babana yana cikin waɗanda aka ɗiba lokacin yaƙin Hitila," in ji dattijon. "Ɗiban gwamna ake ce masa. Ba a tambayarka." Wannan ya yi daidai da abin da ke cikin tarihi. A 1942 Japan ta ƙwace Malaya, inda Ingila ke samun kuza mai yawa, sai Ingilar ta juyo kan Nijeriya, aka yi ta kwasar mutane daga lardunan Arewa zuwa aikin dole a filayen kuza har 1944. Sanyin tsaunukan Jos da yunwa da cuta sun kashe da yawa. A shekarun 1950 kuma kasuwar wani baƙin yashin ta buɗe, wanda Turawa ke kira kolombait, lokacin da Amurka ke tara shi, har Nijeriya ta zama kan gaba a duniya wajen fitar da shi.

Shi kansa dattijon ya yi aiki yana saurayi a ramin ƙarƙashin ƙasa da aka haƙa a nan a shekarun 1970, don bin wata jijiyar ma'adini da ta ratsa cikin dutsen. "Da fitila a goshi muke shiga, Malam. Garin nan har da lantarki da kanti. Ranar albashi ba ka samun nama a kasuwa in ka makara." Sai aka wayi gari aiki ya tsaya, ruwa ya cika ramin, injina suka yi tsatsa, wasu aka kwance su aka sayar a matsayin ƙarfe. Ya ce har yau bai san me ya faru ba, an dai ce musu kasuwa ta faɗi. Ƙanena ya gaya masa cewa a Oktoban 1985 kasuwar kuza ta duniya ta rushe a Landan, farashi ya faɗi warwas, ramuka suka yi ta rufewa daga Ingila har Bolibiya. Dattijon ya jinjina kai ya ce, "Ashe ba mu kaɗai ba ne." Na ga kamar hakan ya ɗan sanyaya masa rai, ko da yake ban ga abin da ya ƙara masa ba.

Sauran hawan ba shi da labari sai wahala. Rarrafe a wasu wuraren, jan juna da sanda a wasu. Rema biyu suka tsere cikin kogo. Ruwan ledarmu ya ƙare. Ƙarfe ɗaya da 'yan mintuna dattijon ya tsaya ya ce, "To, ga abin da kuka zo nema."

Iska ce ta fara tarbar mu, mai sanyi, mara ƙura. Na zauna na kasa magana, rabi don gajiya. Tsaunuka ne zagaye da mu, ɗaya bayan ɗaya, na kusa kore, na nesa shuɗi. A ƙasa gonaki kamar an shimfiɗa tabarmi iri-iri: ruwan ƙasa inda aka karya masara, kore inda dawa take, kore mai duhu inda rake yake. Rufin kwano na walƙiya a ƙauyuka. Ta arewa duhun Falgore ya kwanta har inda ido ya gaza. Ƙanena ya zagaya da hannu ya nuna mana yadda tsaunukan suka yi kamar zobe. Ya ce masana duwatsu sun tabbatar wannan gindin wani tsohon dutse mai aman wuta ne, wanda ya mutu fiye da shekara miliyan 150 da suka wuce. Samansa ya zaizaye, abin da muke zaune a kai cikinsa ne da ya daskare, kuma zafin wancan lokacin ne ya dafa kuzar da matan can ke wankewa. Dattijon ya saurare shi har ya gama, ya ce, "Allah mai iko," ya tashi ya nuna mana alƙibla.

A wani ɗan kwarmin dutse ruwa ya taru, yana tsattsafowa daga tsaga. Da shi muka yi alwala, da shi muka kashe ƙishirwa. Muka yi azahar a kan fa, dattijon ya ja mu. Kusa da inda muka yi sallar akwai wasu ramuka masu sulɓi a jikin dutsen, irin waɗanda niƙa ke bari. Ya ce mutanen da ne, lokacin da zama a ƙasa ba ya yiwuwa. Kudancin Kano ya sha hare-haren Ningawa a ƙarni na 19, Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi ya yi shekaru yana fama da su. Wata mace ta durƙusa a nan ta yi niƙa shekara da shekaru har dutse ya lotsa. Ita ma ba ganin ido ya kawo ta ba.

Muna cin gurasa da ƙuli-ƙuli da dafaffiyar gyaɗar Inna, ƙanena ya nuna ɗan ruwan da ya malala daga alwalarmu yana bin gangare. Ya ce, "Yaya, ka san inda ruwan can za shi?" Ƙoramun da ke gangarawa arewa daga tsaunukan nan suna cikin masu ciyar da Kogin Kano. Kogin ya ratsa Falgore ya faɗa madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka gama a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, a cikin ƙaramar hukumarmu ta Bebeji. Daga Tiga ake sakin ruwan da ke bin magudanai zuwa Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam, inda ake noman shinkafa da tumatir da alkama da rani. Abin da ya saura ya haɗu da Kogin Challawa ya zama Kogin Haɗeja, ya bi ta fadamun Nguru ya nufi Tafkin Chadi.

Na yi shekaru ina zuwa Tiga cin kifi, ina rubuta labarin manoman rani da kukansu in ruwa ya yi ƙasa. Ban taɓa tambayar kaina daga ina ruwan ke zuwa ba. In aka aske dajin da ke riƙe ƙasar nan aka mai da shi gawayi, in ramukan kuza suka ci gaba da tura laka cikin ƙoramu, a Tiga lakar za ta kwanta, kuma mai tumatir a Kadawa ne zai ji a jikinsa ba tare da ya san daga inda aka jefe shi ba. Abokina malamin firamare ya ce shekararsa 15 yana koya wa yara sunan Kilimanjaro, bai taɓa rubuta Riruwai a allo ba, alhali daga nan ya auro uwar 'ya'yansa. Muka yi dariya, amma ba irin mai daɗin nan ba.

Saukowa ta fi hawa wuya, wannan kowa ya sani sai wanda bai taɓa hawa ba. Gwiwa ke biyan bashin. A falalen dutsen nan na safe na zame na zauna daɓas, na gangara kamar kamu biyar a kan mazaunai, wando ya yage inda ba a son ya yage. Dattijon ya ce, "Sannu, Malam," da fuskar da ba ta nuna komai, amma na ga kafaɗarsa na rawa. Can gabas hayaƙi ya fara tashi siriri. Ya ce masu farautar gafiya ne suka soma, nan da wata guda duk koren nan zai koma baƙi.

Da muka sallame shi na miƙa masa abin da ya sawwaƙa. Ya karɓa da hannu biyu ya yi addu'a, sannan ya rage murya ya ce, "Yanzu tsakaninmu, Malam, me kuka zo dubawa?"

Mai unguwa ya sa aka saka mana rabin buhun sabuwar masara da ɗaurin rake a bayan mota. Abokina ya ƙi tsayawa cin tuwon surukai, abin da na san zai biya daga baya, don yana son mu fita Falgore da sauran rana. Muka fita kuwa, magariba ta same mu a Tudun Wada. Bayan isha na yi sallama a gida ina ɗingishi, riga ɗaure a ƙugu tana rufe ɓarnar wando. Inna ta haska ni da fitila daga sama har ƙasa, ta haska buhun, ta sa hannu ta ɗebo masarar ta murza. "Ai da ka ce masara za ka ɗauko, da ban yi magana ba."

Ga malaman makarantun Bebeji da Kiru da Tudun Wada, da duk wanda ya girma yana hangen tsaunukan nan ta tagar mota: lokacin zuwa daga ƙarshen Oktoba ne zuwa tsakiyar Nuwamba, kafin a sa wa daji wuta, kafin hazo ya sauko. A fara da gaida mai unguwa, a nemi ɗan gari ya yi jagora, a sallame shi da mutunci. A sa takalmin roba, a riƙi ruwa fiye da yadda ake zato. A tambayi lafiyar hanya kafin a tashi, a ratsa Falgore da rana, a dawo da rana.